Idan Ƙwayar Cuta Ta Tona Asirin Kanta

A watan Mayun 2010 kamfanin haɗa magunguna na GlaxoSmithKline ya yi abin da kamfanoni irinsa ba su saba yi ba. Ma'aikatansa da ke Tres Cantos, kusa da Madrid a Sifaniya, sun ɗauko sinadarai kusan miliyan 2 daga rumbun kamfanin, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake raino cikin jinin mutum a ɗakin bincike, suka tsamo 13,533 da ke hana ta hayayyafa, sannan suka baza bayanansu a fili kyauta, duk mai so ya ɗiba. A wannan shekarar asibitin yara na St. Jude da ke Memphis a Amurka ya fitar da nasa, haka ma kamfanin Novartis. Masu binciken da suka shekara suna kukan rashin abin farawa sai suka wayi gari da dubban sinadarai a hannu. Amma akasarinsu, ba wanda zai iya cewa ga inda suke sara a jikin ƙwayar cutar. An dai ga ta mutu, shi ke nan. A ganina wannan giɓi, tsakanin ganin sinadari ya kashe da sanin ta ina ya kashe, shi ne ya fi komai cin kuɗi da lokaci a sana'ar neman magani, kuma hanya mafi inganci da aka samu ta cike shi ita ce a haɗa tankaɗe da rairayar sinadarai da karatun ƙwayoyin gado. Batun ba na nesa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maleriya ta kashe mutum 597,000 a 2023. Kusan kashi 31 cikin 100 a Najeriya suka rasu, Nijar kuma ta zo ta uku da kusan kashi 6. Duk abin da ya gaggauta fitowar sabon magani ko ya jinkirta ta, a gidajenmu za a fara jin sa.

Masu wannan sana'a sun daɗe da rabuwa gida biyu. Gida ɗaya na cewa a fara da sanin cuta ciki da bai: a gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikin mutum, ko wadda ƙwayar cuta ba ta rayuwa sai da ita, a ware furotin ɗin da take ƙerawa, a zuba shi a kwalba, sannan a nemi sinadarin da zai kama shi. Ɗaya gidan na cewa a bar dogon bayani, a zuba sinadarai a kan ƙwayar cuta mai rai a ga wanne zai kayar da ita, dalili ya biyo baya in ya ga dama. Da aka kammala karanta kundin gadon ƙwayar maleriya a 2002, na ɗan Adam kuma a 2003, sai gidan farko ya yi rinjaye. Kamfanoni suka narka masa kuɗi, a zaton tunda an san sunan kowace ƙwayar gado, magani ya kusa zama abin miƙa hannu a ɗauka. Abin bai zo da sauƙi ba. Kamfanin GlaxoSmithKline ɗin nan da kansa ya ba da labarin yadda tsakanin 1995 da 2001 ya gudanar da manyan tankaɗe 70 don neman sabon maganin bakteriya, 67 daga ciki a kan furotin da aka ware a kwalba, ya tashi da sinadarai 5 kacal da suka cancanci a bi sawunsu. Sau da yawa sinadarin da ya kama furotin a kwalba, idan aka kai shi ga ƙwayar cuta mai rai, ko dai ya kasa keta bangonta, ko ya shiga ta tofo shi waje. Mu ma muna da shaida a cikin gida. Tun 1949 Linus Pauling ya nuna cewa matsalar sikila tana cikin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, ba a yi shekara goma ba Vernon Ingram a Cambridge ya nuna gurbi ɗaya tak da ya sauya. Amma sai a 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko dominta, haidroksiyuriya, wanda ma tsohon maganin sankarar jini ne aka aro. Rabin ƙarni ke nan ana sane da mai laifi ba a da abin kama shi.

A 2011 David Swinney da Jason Anthony suka bi diddigin sababbin magungunan da Amurka ta amince da su daga 1999 zuwa 2008, suka ware waɗanda su ne na farko a irinsu. Cikin ƙananan sinadarai 50, guda 28 daga gwaji a kan halitta mai rai suka fito, 17 daga hanyar ware furotin, duk da cewa a wannan zamanin hanyar ware furotin ce ke cinye mafi yawan kuɗi. Wannan ƙididdiga ta farfaɗo da gida na biyu, kuma ya cancanta. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin shafi ne. Kusan tara cikin goma na magungunan da ake fara gwadawa a kan mutane ba sa kai bantensu, kuma babban dalili shi ne ko ba su yi aiki ba ko sun yi illa, wato tun farko an sari inda bai kamata ba. A 2015 wani bincike da Matthew Nelson ya jagoranta ya nuna cewa maganin da ke da shaidar ƙwayoyin gadon mutane a bayansa ya ninka takwaransa damar samun amincewa, wani kuma na 2024 ya kai adadin ninki 2.6. Ashe kowane gida yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ya rasa.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda aikin yake a hannu, don a nan ne hujjar take. Farantin gwaji bai fi tafin hannu ba, amma yana da ƙananan ramuka 384, wani ma 1,536. A kowane rami ana ɗiga jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da maleriya, inji ya ƙara ɗigon sinadari daban, a ajiye farantin kwana uku a ɗumin jikin mutum. Daga nan a zuba wani rini mai walƙiya idan ya haɗu da DNA. Dabarar ita ce jar ƙwayar jinin mutum ba ta da DNA, don haka duk hasken da ya tashi na ƙwayar cutar ne: ramin da ya yi haske, ta rayu, wanda ya yi duhu, sinadarin ya kashe ta. Wannan shi ne tankaɗen. Abin da ke biyo baya shi ne ya sauya sana'ar. Sai a ɗauki sinadarin da ya yi nasara, a zuba shi a kwalabe da dama masu ɗauke da ƙwayoyin cutar da yawansu kan kai biliyan, a yi ta sauya musu jini da abinci ana jira. Galibinsu za su mutu. Bayan makonni, wani lokaci watanni, a wasu kwalaben sai a ga 'yan tsiraru sun dawo suna hayayyafa a cikin gubar. Waɗannan su ne waɗanda wani harafi ya sauya a kundin gadonsu har suka iya jurewa. Kundin ƙwayar maleriya haruffa miliyan 23 ne, bai kai kashi 1 cikin 100 na ɗan Adam ba, don haka karanta shi duka ba wani tashin hankali ba ne a yau. A karanta na masu jurewar, a gwama da na iyayensu, a ga inda suka saɓa. Idan kwalabe uku ko huɗu da ba su taɓa haɗuwa ba duk suka nuna sauyi a ƙwayar gado ɗaya, to ƙwayar cutar ta nuna da yatsarta inda ake sarar ta. Don a kawar da shakka, sai a yi amfani da almakashin CRISPR a dasa wannan sauyin a cikin ƙwayar da ba ta taɓa ganin maganin ba. In ita ma ta jure, magana ta tabbata.

Haka aka yi da sifagamin. Cibiyar Novartis ta cututtukan ƙasashe masu zafi, wadda a lokacin take Singafo, ita ce ta tsamo asalinsa daga sinadarai kusan 12,000, ɗakin binciken Elizabeth Winzeler a San Diego kuma ya raini ƙwayoyin da suka jure masa, aka wallafa sakamakon a 2010. Sauye-sauyen sun taru a kan ƙwayar gado mai suna PfATP4, wadda kafin nan ba wanda ya sa ta a jerin wuraren da ya kamata a kai wa hari. Masu bincike a Ostareliya suka nuna daga baya cewa famfo ne da ƙwayar cutar ke fitar da gishirin sodiyam da shi. In aka toshe shi, gishiri ya taru a cikinta, ta kumbura ta mutu. A gwajin da aka yi a Tailan aka wallafa a 2014, cikin kusan awa 12 maganin ya share ƙwayar daga jinin marasa lafiya, gudun da ya wuce na atemisinin. Amfanin sanin famfon bai tsaya ga wannan magani ba. Da aka duba sinadarai 400 da ƙungiyar Medicines for Malaria Venture ta Geneva ke rabawa masu bincike kyauta, sai aka tarar 28 daga ciki, masu siffofi daban-daban, duk wannan famfo ɗaya suke toshewa. Ba don an gane haka ba, da ɗakunan bincike da yawa sun kashe shekaru kowa na murnar ya samo sabon abu, alhali sauyi ɗaya a ƙwayar cutar na iya raunana su gaba ɗaya. Kuma saurin da jurewa ta bayyana a kwalba ya yi gargaɗi tun kafin a je asibiti. Da aka gwada sifagamin shi kaɗai a Afirka, cutar ta dawo wa wasu marasa lafiya ɗauke da sauyi a wannan famfon. An san inda za a duba, an duba an gani, aka kuma tabbatar ba za a taɓa sakinsa shi kaɗai ba, sai da abokin tafiya.

Misalin da ya riga ya isa hannun marasa lafiya shi ne na tarin fuka. Koen Andries da abokan aikinsa a kamfanin Janssen na Beljiyam sun samo bedakwilin ta hanyar gwaji a kan bakteriya mai rai, sannan suka karanta kundin waɗanda suka jure masa, suka tarar yana tsayar da injin da ke samar wa ƙwayar ƙarfi. An wallafa wannan a 2005, Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2012, shi ne sabon nau'in maganin tibi na farko cikin shekara 40. Da yake ba wani tsohon magani da ke sara a wurin, yana aiki a kan tibin da ya gagari sauran. Mai irin wannan tibin a da yakan yi wata 18 zuwa 20 yana shan magani da allurai masu kurumtarwa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin wata shida na haɗiya zalla, bedakwilin ne ginshiƙinsa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1991 a Basel Joseph Heitman da Rao Movva da Michael Hall suka gano inda maganin rafamaisin ke aiki ta hanyar yis ɗin da ya jure masa. Abin da ya sauya shi ne farashin karatu: kundin ɗan Adam na farko ya ci kusan dala biliyan 3, yau bai kai dala 1,000 ba.

Haɗin yana iya farawa ta ɗaya ɓangaren, daga mutum zuwa sinadari. Akwai wata cutar gado da ta fi yawa a Turawa, sistik faibirosis, wadda majina mai kauri ke toshe huhun mai ita. An gano ƙwayar gadonta a 1989, aka yi shekara goma ana ƙoƙarin gyara ta kai tsaye ba nasara. A 2000 gidauniyar masu cutar ta sa dala miliyan 40 a wani ƙaramin kamfani a San Diego, wanda Vertex ya saye daga baya, don a ƙera ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ainihin lahanin marasa lafiyar a yi ta zuba musu sinadarai har a sami wanda zai sa gurgun furotin ya motsa. Maganin farko ya fito a 2012 yana amfanar kashi 4 cikin 100 kawai, haɗin uku na 2019 kuwa ya dace da kusan kashi 90. Wanda ya fi shafar mu shi ne na ƙoda. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gadon APOL1 waɗanda asalinsu Afirka ne. Suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaji biyu, ta uwa da ta uba, haɗarin ciwon ƙodarsa ya ƙaru. Binciken da aka yi a kan mutum sama da 8,000 a Gana da Najeriya, aka wallafa a 2024, ya tarar kusan kashi 30 na waɗanda aka gwada suna ɗauke da biyun. An riga an tsamo wani sinadari, inakzafilin, mai toshe wannan furotin, kuma a ƙaramin gwajin da aka wallafa a 2023 ya rage zubar furotin a fitsari da kusan rabi. Mutum 13 ne kawai aka auna, saboda haka murna sai ta jira babban gwaji. Amma duk wanda ya san abin da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ke yi wa aljihun iyali ya san darajar maganin haɗiya da zai jinkirta zuwa wurin.

Mai musu zai ce: kwinin fa? Kulorokwin fa? Tu Youyou ba ta karanta kundin kowa ba lokacin da ta tatso atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade a Sin a farkon shekarun 1970, kuma har yau shi ne ke riƙe da duniya. Gaskiya ne, kuma duk mai raina sa'a da tsohon ilimin tsirrai bai san tarihin magani ba. Amma a duba kuɗin da aka biya na rashin sanin dalili. Maleriya ta fara bijire wa kulorokwin a ƙarshen shekarun 1950, bijirewar ta iso gabashin Afirka a 1978, ta ratso zuwa yammaci a shekarun 1980, amma ba a gano ƙwayar gadon da ke jawo ta ba sai a 2000. A tsakanin nan hanyar da aka fi gane magani ya daina aiki ita ce a ga yaro ya sha bai warke ba. Najeriya ba ta sauya manufarta zuwa haɗin atemisinin ba sai a 2005. Da atemisinin kuwa, masu bincike a Faransa suka ɗauki wata ƙwaya 'yar asalin Tanzaniya suka yi shekara biyar suna gana mata maganin a kwalba har ta jure, suka karanta kundinta, suka sami ƙwayar gadon kelch13, suka je Kambodiya suka tarar ita ce ke sauyawa a jinin marasa lafiya. An wallafa wannan a farkon 2014. Shi ya sa da sauyin ya ɓulla a Ruwanda aka gan shi a ɗigon jini a 2020, aka kuma tabbatar da shi a Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, tun haɗin magungunan na warkarwa. Sa'a na iya ba da magani, ba ta faɗa maka ranar da zai daina aiki.

Akwai suka mafi nauyi daga cikin masu sana'ar kansu, kuma ba na jin za a iya kawar da ita duka. Ƙwayar gadon da ta sauya ba lallai ita ce inda magani ke sara ba. Wani lokaci ƙofar da ƙwayar cutar ke fitar da guba ce kawai, ko wata hanyar kewaye. Ganafilasaid, wanda Novartis ya tsamo daga sinadarai sama da miliyan 2, misali ne: an san ƙwayoyin gadon da ke sa a jure masa, amma ainihin furotin ɗin da yake kamawa bai fito sarai ta wannan hanya ba. Duk da haka, a watan Nuwamban 2025 kamfanin ya sanar cewa haɗinsa da lumefantirin ya warkar da sama da kashi 97 cikin 100 a babban gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka 12. Wasu sinadaran kuma, duk yadda aka yi, ƙwayar ba ta iya jure musu a kwalba, sai hanyar ta tsaya cik. Sanin wurin sara ma ba ya hana illa ɓullowa ta wani gefen. Sinadarin MMV390048, wanda cibiyar H3D ta Jami'ar Cape Town ƙarƙashin Kelly Chibale ɗan Zambiya ta fitar a 2012, shi ne na farko daga Afirka da ya kai ga gwajin maleriya a kan mutane. An san furotin ɗin da yake kamawa, amma aka dakatar da shi saboda lahanin da ya nuna a 'yan tayin ɓeraye. Amsata ita ce, ko a waɗannan wuraren karatun bai tafi a banza ba. Sanin ƙofar da ƙwayar za ta bi ta tsere shi ne ke nuna abokin da za a haɗa magani da shi da kuma abin da za a riƙa nema a jinin jama'a. Sinadarin da aka kasa sa ta jure masa kuwa, wannan gazawar ita ce babbar shaidar ingancinsa, masu bincike ma gaba suke sa shi a layi. Hanyar ba ta amsa kowace tambaya, amma tana sa a yar da mugun sinadari tun yana cin dubbai, kafin ya kai inda zai ci miliyoyi.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ci wa mai karatu a nan tuwo a ƙwarya. Haɗin ukun nan na cutar huhu ya fito da farashin sama da dala 300,000 a shekara. Casgevy, gyaran ƙwayar gado na sikila da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, ban da dashen ɓargo da zaman asibiti, alhali a Najeriya ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara. Me irin wannan ilimi ya tsinana wa mai sayen magani ƙwaya biyu-biyu a kemis? Tambayar tana kan hanya, sai dai farashi ba daga ilimin yake fitowa ba, daga haƙƙin mallaka da ciniki yake fitowa. A watan Maris na 2023 Indiya ta ƙi tsawaita wa kamfanin bedakwilin haƙƙin mallaka, masu fafutuka suka matsa, kafin shekarar ta ƙare kuɗin maganin wata shida ya sauko zuwa dala 130 ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ba zai yiwu da Casgevy ba ko da an yafe haƙƙin, don sai an ciri ƙwayoyin ɓargon kowane mara lafiya an gyara an mayar. Ƙaramin sinadari kuwa, da zarar an san shi, masana'anta a Indiya ko a Legas na iya buga shi miliyoyi. A nan ne haɗin da nake karewa ya fi gyaran ƙwayar gado zalla dacewa da talaka: ƙwayoyin gado su nuna hanya, amma abin da zai fito a ƙarshe ya zama maganin haɗiya.

Wasu za su ce ƙasar da gidan sauro bai kai kowane gida ba, asibitin ƙauye ba shi da wuta, ba ta da hurumin zancen kundin gado. Ba ina cewa a rage ko sisi daga gidan sauro ko maganin rigakafin damina na yara ba. Ba kuma ina cewa mu gina rumbun sinadarai miliyan 2 ba. Wannan ba namu ba ne a yanzu, kuma ba a buƙata, tunda an riga an tankaɗe an baza. Rabonmu yana wajen da ba wanda zai iya yi mana shi. Ƙwayoyin maleriyar da ake gwaji da su a manyan ɗakunan bincike 'yan tsirarun zuriyoyi ne da aka ɗebo shekaru aru-aru da suka wuce, ba su wakiltar abin da ke yawo a jinin yaran Kano ko Maraɗi a wannan daminar. Mutanen da aka karanta kundinsu a manyan binciken duniya, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, alhali nahiyar ce ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado. Cibiyar Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ta nuna lokacin Ebola da korona cewa ana iya wannan karatu a gida. Tsirranmu ma suna jiran irin wannan bibiya. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa Niprisan don sikila daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da karan dafi. Gwaji a kan marasa lafiya ya nuna yana rage tashin ciwon, amma kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe a 2008, aikin ya yi ta tangal-tangal. Da an rarrabe haɗin sinadari-sinadari, an gwada kowanne a kan ƙwayoyin jinin masu sikila, an bi shi har furotin ɗin da yake taɓawa, da abin da ke hannu ya fi ƙarfin faɗuwar kamfani ɗaya. Kuma dole a faɗa, duk wanda zai nemi jinin mutane a arewa zai tarar da tarihi a gabansa. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin gwajin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara kusan 200 masu sanƙarau, inda 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan zargin ba jahilci ba ne, kuma ba a magance shi da wa'azi sai da bayani a harshen mutane da yarjejeniya a rubuce.

Sikila ce za ta gwada ko wannan magana tana da ƙashi. An daɗe da sanin cewa jinin da jariri ke zuwa da shi duniya ba ya lanƙwashewa, kuma ciwon kan fara ne bayan jiki ya daina ƙera irinsa cikin watannin farko. A 2008 karatun ƙwayoyin gadon dubban mutane ya kai ga ƙwayar gadon BCL11A, wadda ke kashe wannan jinin jarirai. Ita ce Casgevy ke yankewa. A 2024 masu binciken Novartis suka bi ta ɗaya hanyar: suka zuba sinadarai a kan ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini, suka tsamo wanda ke tayar da jinin jariran, suka bi sawunsa har wani furotin mai suna WIZ da ba a san yana da hannu a lamarin ba, suka tabbatar da CRISPR. Sakamakon da suka wallafa a kan ɓeraye da birai ne, tafiya tana da sauran nisa, kuma tara cikin goman nan na nan tana jira. Amma idan irin wannan ya kai matakin babban gwaji, a inda marasa lafiya suke za a yi shi. Likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun riga sun gudanar da gwaji a kan yara 220 masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka wallafa a 2022 cewa ƙaramin awon haidroksiyuriya na kare su kamar matsakaici. Masu irin wannan rajista da ƙwarewa su ake nema, kuma kafin su sa hannu suna da damar a rubuta musu farashin da za a sayar wa Najeriya, da inda za a ajiye jinin yaran, da adadin ɗalibansu da za a koya wa karanta shi.